Sharhi kan ajin Turanci na WhatsApp da na shiga saboda jarrabawar IELTS

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hukumar NMC, wadda ke kula da ma'aikatan jinya a Birtaniya, tana neman maki 7.0 a ɓangaren magana na IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, kafin ta yi wa mutum rajista. Shi ya sa na biya kuɗin wani aji da wata malama take gudanarwa ta WhatsApp.

Darasin da ya biya ni kuɗina shi ne na present perfect, wato salon jimlar Turanci da ake haɗa have ko has da aikatau, kamar "I have worked". Jarrabawar magana minti 11 zuwa 14 ce kacal, kuma mai jarrabawa yakan jefo tambaya irin su "Have you ever worked at night?" Malama ba ta fara da ƙa'idoji ba. Sai ta sa kowa ya turo saƙon murya yana faɗin abin da ya taɓa yi a rayuwa da wanda bai taɓa yi ba, sannan ta bi mu da gyara ɗaya bayan ɗaya.

A nan ta nuna mana inda yawancinmu muke tuntuɓe. In kina ba da labarin abin da kika taɓa yi ba tare da faɗin lokaci ba, sai ki ce "I have worked in a maternity ward." Da zarar kin ambaci shekara ko kin ce jiya, zance ya canza, ya koma "I worked there in 2019." Mutane da yawa a ajin sun saba cewa "I have gone to Lagos last year", kuma kuskure biyu ne a ciki: ga lokaci an ambata, ga gone da ke nufin mutum ya tafi bai dawo ba. Wadda ta je ta dawo been take cewa.

Inda ajin ya gaza kuwa, mun yi yawa. Saƙonni kan taru har a rasa wanda aka gyara wa, wani lokaci amsa sai bayan kwana biyu. Jerin kalmomin da ke biyo bayan have, irin su seen, written da taken, ma turo mana kawai aka yi, aka ce mu haddace, babu atisaye.

Ga mai ɗan tushe a Turanci da ke son bakinsa ya saki, ajin ya dace. Wanda zai fara daga farko gara ya nemi malamin da zai zauna da shi ido da ido, kuma kafin ya biya ya tambayi yawan ɗaliban da ke rukunin.