Google Calendar ga ɗan makaranta: ra'ayina tsakani da Allah

Jama'a barkanmu dai. Da yake ina koyar da yara lesin, tambayar da iyaye suka fi yi min ita ce wai wace manhaja ce za ta sa yaro ya daina tara asaimen sai daren da za a karɓa sannan ya tashi hankalin kowa a gida. To yau bari in yi magana kan Google Calendar, don ita na fi gani a wayoyin ɗalibai, wayoyin Android da yawa ma da ita suke zuwa, masu iPhone kuma suna iya saukewa. Tun farko in faɗa muku matsayata: ga ɗan babbar sakandare da ɗan jami'a tana da amfani sosai, zan ba ta huɗu cikin biyar, amma fa sai in yaron ya san abin da zai rubuta a ciki, in ba haka ba ado ce kawai a waya.

Tsohuwar manhaja ce, tun 2006 take, kuma ba don 'yan makaranta kaɗai aka yi ta ba, kalanda ce ta kowa da kowa. Abin da ya fara burge ni shi ne maimaitawa. Ka shigar da darasin kimiyya na ranar Talata sau ɗaya, ka ce ya riƙa dawowa duk mako har ranar da zango zai ƙare, shikenan ka gama da shi. Haka za ka yi wa sauran darussa, ka ba kowanne kalarsa, lissafi ja, Turanci shuɗi, da sauransu, cikin zama ɗaya taimtebul ya hau waya. Shigarwar farko akwai gajiya gaskiya, a kwamfuta ta fi sauri in akwai.

Amma ba taimtebul ne matsalar yara ba, kowane yaro ya san yaushe ake lissafi. Ga inda gizo ke saƙar: malam ya ba da asaimen ranar Litinin ya ce Juma'a zai karɓa, sai yaro ya buɗe manhaja ya rubuta "Juma'a, asaimen ɗin lissafi" ya sa ta tuna masa ana gobe, ya rufe waya yana jin ya yi tsari. Wallahi bai yi komai ba, ranar karɓa ya rubuta, bai rubuta ranar yi ba, kuma abin da zai faru shi ne daren Alhamis waya ta yi ƙara ta gaya masa abin da ya riga ya sani, ga barci ga tambaya ashirin. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne duk aikin da aka ba su sai ya shiga sau biyu, ɗaya ranar karɓa, ɗaya kuma ainihin lokacin da za su zauna su yi shi, misali Talata ƙarfe 5 zuwa 5:40 tambaya ta 1 zuwa ta 10, Laraba sauran, Alhamis a duba kurakurai kawai. A nan manhajar take nuna kanta, don in ka buɗe shafin mako za ka ga kowace awa a matsayin gurbi, aikin da ka saka ya cinye gurbinsa da ido kana gani, ba sai wani ya ce maka lokaci ba zai isa ba. Yaron da ya ce zai yi fiziks da kemistiri da rubutun insha'i duk yammacin Laraba, da ya jera su ya ga sun kai ƙarfe 11 na dare da kansa zai matsar da ɗaya zuwa Talata. A takarda ma ana iya yin haka, sai dai a nan matsarwa ba ta buƙatar gogewa da sake rubutu.

Haka karatun jarrabawa. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana saurin zubewa in ba a waiwaye shi ba, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Da maimaitawar nan sai ka sa bita ta minti 20 ta riƙa dawowa duk bayan kwana uku, ba ruwanka da tunawa.

Akwai kuma Google Tasks da ke haɗe da ita, ka rubuta aiki da rana da lokaci ya fito a kalandar, in ka gama ka danna masa alamar an yi. Ƙaramin abu ne amma yara suna jin daɗin danna alamar nan ba kaɗan ba. In makarantar tana amfani da Google Classroom, manhajar da malamai ke ba ɗalibai aiki ta cikinta, ranakun karɓar aiki da kansu suke shigowa. Kuma ko ba data kana iya duba abin da ke ciki a waya har ka ƙara sabo, in intanet ta dawo sai ya haɗe.

Yanzu inda ta gaza. Ba ta san tsawon aiki ba, duk abin da ka gaya mata shi ta yarda da shi, ka ce za ka rubuta rahoton shafi biyar a minti 15 ba za ta ce uffan ba, ka ɗora abu uku a awa ɗaya za ta jera maka su gefe da gefe. Mutane kuwa dama haka muke, kullum gani muke aiki ba zai ɗau lokaci ba, masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi rubutu kan wannan halin tun 1979. Shi ya sa nake ce wa yara duk abin da suka ƙiyasta su ƙara masa rabinsa, minti 40 ya koma awa ɗaya. A da akwai wani sashe mai suna Goals da yake nemo maka gurbi da kansa, an cire shi a 2022, ni dai na so a ce yana nan don ɗalibai zai yi wa amfani. Ba ta da agogon ƙirga lokacin karatu, mai son tsarin nan na Francesco Cirillo, minti 25 karatu minti 5 hutu, sai ya haɗa da agogon waya. Makarantar da taimtebul ɗinta ke juyawa ba bisa ranakun mako ba kuwa za a sha fama wajen saitawa.

Babbar matsalar ma ba ta manhajar ba ce, ta inda take zaune ce. Yaro ya ɗau waya don ya ga me ke gabansa, sai ga saƙon WhatsApp, sai ga TikTok, kafin ya farga gurbin lissafin ya wuce yana kallo. Kura ce aka ba ajiyar nama. Abin da na ga yana ɗan rage wannan shi ne a ɗora wijet ɗin kalandar, wato ɗan akwatin da ke nuna abin da ke gabanka, a fuskar waya yadda ba sai an buɗe komai ba, a kunna Focus mode da ke cikin Digital Wellbeing na Android ya dakatar da manhajojin hira lokacin karatu, sannan a rage tunatarwa, don in komai yana ƙara yaro zai saba share su duka ba tare da ya karanta ba. Tunatarwa ɗaya ga lokacin fara aiki ta isa.

Iyaye masu yara 'yan firamare, ni ban ba ku shawarar ta ba. A ƙasashe da yawa yaron da bai kai shekara 13 ba sai ta Family Link, manhajar Google ta kula da akawun ɗin yara, iyaye za su buɗe masa akawun, kuma ko an buɗe ɗin ku ne za ku ƙare da shigar da komai. Ku zana masa gurabe bakwai na kwanakin mako a babbar takarda ku manna inda yake karatu, ku kuma ku sa ranakun tes ɗinsa a kalandar wayarku.