Kwana uku a tanti a dajin Maasai Mara: abin da ya yi da abin da bai yi ba

Sansanin da nake sharhi a kansa yana bakin kogin Talek, cikin dajin Maasai Mara da ke gundumar Narok a kudu maso yammacin Kenya. Kwana uku na yi a can cikin watan Agusta. Matsakaicin sansani ne, ba na alfarma ba, kuma ba shi da shinge. Rashin shingen nan shi ne abin da mutum yake biya wa kuɗi, shi ne kuma yake jawo duk dokokin wurin.

Wanda ya ji an ce tanti kada ya ɗauka irin na 'yan zango ne da ake naɗewa a saka a jaka. Ɗaki ne na tamfol mai kauri, an kafa shi a kan dandamalin katako, da rufi biyu. Na sama yana tare rana da ruwa, iskar da ke ratsa tsakaninsu kuma tana rage zafi. Tagogi raga ce, kowace da murfin tamfol da ake saukewa da dare. Akwai gadon katako da katifa mai kyau, da gidan sauro, da banɗaki a baya wanda labule ya raba da ɗaki. Ƙofa zif ce, kuma rabin matsalar tanti daga zif take. Ƙura tana shiga haƙoransa ya riƙa cijewa, in aka ja da ƙarfi ya ɓalle. A hankali ake jan sa, a tallabe tamfol ɗin da ɗaya hannun. A rufe shi har ƙasa ko da minti biyu za a fita, domin birai sun iya cusa hannu ta 'yar kafa su buɗe sauran. Duk wanda ya taɓa kwana a Yankari ya san halinsu. Ko biskit kada a bari a ciki.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne sanyi. Dajin yana kan tudu, sama da mita 1,500 daga teku, saboda haka da rana zafin bai cika wuce maki 28 ba, da asuba kuwa yakan sauka kusan 12. Tamfol ba ya riƙe ɗumi kamar ginin ƙasa. Ma'aikata suna saka robar ruwan zafi cikin bargo kafin a dawo daga cin abincin dare, kuma tana kaiwa har wajen asuba. A nan sun kyauta ƙwarai. Amma fita kallon dabbobi ta safe da ƙarfe shida da rabi ake yi, a buɗaɗɗiyar mota, iska tana dukan fuska, don haka rigar sanyi mai nauyi, hula mai rufe kunne da safa wajibi ne. Zuwa ƙarfe tara duk za a tuɓe su, shi ya sa saka kaya hawa-hawa ya fi babbar riga guda.

Ruwan wanka na bokiti ne. Ana dafa shi a bayan sansani, a zuba a bokitin tamfol mai cin kamar lita 20, a ja shi sama da igiya, ya sauko ta famfon wanka. Idan aka bar famfon a buɗe, cikin 'yan mintuna ya ƙare. Dabarar ita ce a jiƙa jiki, a rufe, a saɓa sabulu, sannan a buɗe a ɗauraye. Sai an faɗi lokacin da ake so tun da wuri, in ba haka ba a tarar ya huce. Wurin bahaya na zamani ne mai ruwa, sai dai takarda kawai ake ajiyewa, babu buta. A taho da ƙaramar buta daga gida, a kuma roƙi a riƙa ajiye flas na ruwan ɗumi da dare saboda alwalar asuba. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ɗin da muka saba ba. Ruwan famfo ba na sha ba ne. Suna ba da tataccen ruwa a kwalba, domin Kenya ta hana robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a gandun daji tun 2020, leda kuwa tun 2017.

Inda sansanin ya gaza a ganina shi ne wuta. Sola ce da batura, kuma in rana ta yi lumshi, fitilun tanti sukan dushe tun kafin sha ɗaya na dare. Babu soket a tanti, sai a babban tantin cin abinci, inda baƙi suke layin caji, kuma ba a faɗi haka lokacin kama ɗaki ba. Mai amfani da na'urar numfashi da dare, ko mai maganin da ke bukatar firji, ya tambaya a rubuce kafin ya biya. Soket ɗin dai mai baki uku ne irin na Najeriya. Layin Safaricom yana kamawa a wasu wurare, intanet kuwa sai haƙuri.

Da dare ba a fita daga tanti sai da rakiya. Ana haska tocila, mai gadi Bamasaye, wato ɗan ƙabilar Maasai, wanda suke kira askari, ya zo ya raka mutum. Ba burga ba ce. Dorina tana fitowa daga kogi ta yi kiwo da dare, ɓauna kuma takan tsaya shiru a duhu, kuma su biyun sun fi zaki haɗari ga mai tafiya a ƙasa. Daga cikin tanti ana jin komai: gurnanin dorina, kukan kura, rurin zaki daga nesa, har ƙarar tsinke ciyawa a jikin tamfol. Wannan ne ɗakin otal ba zai taɓa bayarwa ba, kuma shi ne na fi so a zaman. Mai saurin farkawa ya zo da abin toshe kunne. Mai ƙananan yara ya sake tunani, domin yaron da zai iya buɗe zif ya fita shi kaɗai bai dace da wurin ba.

Abinci ya yi, ba yabo ba fallasa. Ana soya naman alade da safe, don haka a sanar da su tun kafin zuwa, a kuma nemi a raba kasko.

Direba shi ne ɗan jagora, kuma ingancinsa ya fi kyan gado tasiri. Namu ya san inda damisa take kwana, yana kashe mota nesa da dabba maimakon ya kutsa cikin cunkoso. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken nyumbu, wata dabba mai gemu da ƙaho kamar na saniya, sama da miliyan guda, suke shigowa daga Serengeti ta Tanzaniya tare da jakunan dawa, suna ƙetare kogin Mara. Ba a yi wa kowa alkawarin ganin ƙetarewar. Ana iya jira awa uku garken ya juya baya, motoci kuma sun yi yawa a bakin kogi har abin yana ɓata rai. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, suna jawo ƙudan tsando.

Lissafin kuɗi yana da tarko. Tun 2024 baƙon waje yana biyan dala 200 a rana kuɗin shiga daji daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, kuma sau da yawa ba ya cikin kuɗin tanti. A tambaya dalla-dalla. Ƙaramin jirgi daga filin Wilson na Nairobi bai wuce awa guda ba, amma kilo 15 kaɗai ake yarda, a jaka mai laushi. Ta mota ta Narok awa biyar zuwa shida ne. A Afrilu da Mayu baƙar lakar dajin tana kafe mota, wasu sansanonin ma rufewa suke. Mai tahowa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin shawara.

Zan koma, amma a yankunan kiyaye namun daji na Masayawa da ke gefe, irin su Naboisho ko Olare Motorogi, inda ake taƙaita yawan motoci, ake kuma yarda da fitar dare da yawon ƙafa, abin da babu a cikin babban dajin.