Dambe ko Takwando: Abin da Ƙuruciya Ta Bar wa Kowa

Wanda ya yi samartakarsa a gidan dambe da wanda ya yi ta a ɗakin takwando, in sun girma suka waiwaya, abin da suke tunawa ya sha bamban.

Ɗan dambe yana tuna kalangu da kirari, da zaren da ake naɗe masa a hannu ɗaya, ɗayan ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi, da zarar gwiwa ko hannun abokin karawa ya taɓa ƙasa, an yi kisa, wato an ci shi. Ba takardar shaida, sunanka ne ke yawo, ko kana ɓangaren 'yan damben Kudu, ko na Arewa, ko na Guramaɗa. Kuɗin liƙi nan take suke shigowa, sai dai haƙora ba su cika raka mutum tsufa ba.

Takwando kuwa wasan Koriya ne, ƙafa ce jarinsa. Ana sa hular kariya da sulken ƙirji, a hau mataki-mataki har baƙar ɗamara. Kuɗi ba sa zuwa da wuri, amma hanyarsa tana kaiwa Olamfik, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016. Ni dai ɗana takwando zan kai shi, dambe mu je kallo.