Hattara 'Yan Fodkas: Mai Makirufon Jabu Ya Sake Canja Suna

Assalamu alaikum. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da kaina: ni aka damfara, har sau biyu, kuma a hannun mutum ɗaya. Na so in haɗiye abina in yi shiru, sai shekaranjiya wata ƙanwarmu da ke shirin fara fodkas (shirin sauti da ake saurara ta intanet) kan tarbiyyar yara ta turo mini hoton wata talla, tana tambaya ko kayan suna da kyau. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Teburin nan ne dai mai shimfiɗar baƙin yadi, makirufo biyu a jere, jan akwatin sauti (na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta) a tsakiya. Sunan shafin kawai aka canja. Ba zan kama suna ba, don ba shi da amfani. Wannan ne suna na uku da na san ya yi. Salon aikinsa ne ba ya canjawa, shi zan faɗa muku.

Ni da wani abokina muna da ɗan shirin da muke hira da masu sana'ar hannu a nan Kano. Da waya muka fara, muna jingina ta da kofin shayi a tsakaninmu. Masu sauraro suka fara ƙorafi cewa muryarmu kamar daga rijiya take fitowa, mu kuma idonmu ya riga ya ga abin da manyan 'yan fodkas na Amurka suke sakawa a gaban bakinsu, wato baƙin makirufon nan mai kamar gwangwani, Shure SM7B. Duk wanda ya taɓa kallon irin shirye-shiryen nan a YouTube ya san shi. A lokacin, sabonsa guda ɗaya a can ƙasar da ake sayar da shi ya kai wajen dala 400, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

Sai ga wannan bawan Allah a Instagram da "cikakken situdiyo a kwali ɗaya": SM7B guda biyu, akwatin sauti Focusrite Scarlett mai ƙofa biyu, wayoyi, abin ji na kunne, da soson manna wa bango. Duka a kuɗin da bai kai na makirufo ɗaya na gaske ba. Na tambaye shi sirrin wannan araha. Ya ce: "Yallaɓai, kayan wani gidan rediyo ne a Turai da ya rufe, aka yi gwanjonsu. Saura saiti biyu kacal, kuma akwai wani Alhaji daga Abuja da yake ta kira na tun safe." Na ce ina so in zo in gwada. Ya ce shagonsa yana Legas, amma zai turo mini gwaji. Bayan minti biyar sai ga saƙon murya ta WhatsApp, murya a cike, sumul, yana cewa "ka ji yadda yake ɗauka, Yallaɓai."

A nan na fara faɗawa rami, kuma ina roƙonku ku tsaya a nan tare da ni. Saƙon murya na WhatsApp ba shaida ba ne. Manhajar tana matse sauti ta zubar da wani ɓangare na abin da kunne yake buƙata don ya bambance makirufo mai kyau da maras kyau. Ban da haka, ta ina zan san da me ya ɗauka? Mutum zai iya shiga cikin mota ya rufe gilasai ya yi magana a wayarsa, ya samu sauti mai tsabta fiye da na wani situdiyon. Cinikin biri a sama na yi, ina ji ina gani. Na tura kuɗi a wani asusu da sunan da ke kai ma ba nasa ba ne. Ya ce na yaron shagonsa ne.

Abin da ya sa wannan mutum ya fi sauran 'yan damfara haɗari shi ne, ba ya gudu da kuɗin. Kaya suna zuwa. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni na je tasha na karɓi kwali, na buɗe na ga komai fes, har da 'yar takardar bayani. Nauyin makirufon a hannu ya kwantar mini da hankali. Har hoto na ɗauka na sa a sitatus, shi kuma ya kwafe ya manna a shafinsa a matsayin shaidar kwastoman da ya gamsu. In kun taɓa ganin hannu riƙe da baƙin makirufo a kan jar darduma a cikin tallarsa, hannuna ne, ku yafe mini.

Da muka haɗa kayan da daddare, shiru, makirufo bai kawo ba. Muka murɗa ƙarfin shigar sauti har ƙarshe, ba komai sai "ssss". Na kira shi, ya ce: "Oga, danna ɗan maɓallin nan da aka rubuta 48V." Na danna, sai ga murya ta fito, tana da kaifi kamar ana yanka kwano, tana kwaso har ƙarar fankar ɗakin maƙwabci. A lokacin murna na yi. Daga baya na gane cewa wannan maɓallin shi ne ya tona asirinsa.

Ga dalili. Makirufon da ake aiki da su iri biyu ne a taƙaice. Akwai dainamik, wanda iskar muryarka ce take motsa wani siririn naɗin waya a cikin maganaɗisu, ya samar da 'yar wutarsa da kansa. Ba ya buƙatar a ba shi wuta. Akwai kuma kwandensa, wanda sai akwatin sauti ya tura masa wuta ta cikin wayar XLR mai ƙafa uku, ita ce 48V ɗin nan. SM7B na gaske dainamik ne. Matsalarsa da kowa ya sani ita ce sautinsa yana fitowa ƙasa-ƙasa, sai an ɗaga shi da kusan desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, shi ya sa wasu suke haɗa shi da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi irin Cloudlifter. Amma shi kansa ba ruwansa da 48V. Ƙaninsa SM7dB ne yake amfani da wutar don kunna na'urar ƙara ƙarfin da aka gina a cikinsa, shi kuma sunansa daban yake a rubuce a jiki. To duk wanda ya sayar maka da SM7B ya ce ba zai yi magana ba sai an danna 48V, ya gama faɗa maka da bakinsa cewa abin da ke ciki ba shi ba ne.

Na kai ɗaya wurin wani dattijo a Sabon Gari da ya daɗe yana gyaran amfilifaya da lasifikokin masallatai. Ya juya shi, ya taɓa maɓallan nan biyu na bayansa da tsinken sukudireba, waɗanda a na gaske ɗaya yake rage kaurin murya ɗaya kuma yake ƙara mata haske. Ya saurara, ya girgiza kai. Sannan ya kwance. A ciki akwai wani ɗan ƙwayar makirufo da bai fi maɓallin riga ba, an naɗe shi da soso, sai wani guntun ƙarfe da aka liƙa da gam don a samu nauyi. Maɓallan bayan kuwa ko waya ɗaya ba ta zuwa wurinsu, ado ne kawai. Ya ɗaga guntun ƙarfen ya nuna mini, ya ce: "Ɗana, wannan ka saya. In kana so in auna maka shi a kilo." Na ce: "Baba, a bar maganar." Akwatin sautin ma da na je shafin kamfanin Focusrite in yi masa rajista, lambar da ke ƙasansa ba ta shiga ba. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, kuma da na nemi hoton lambar tun kafin in biya da ban kai ga haka ba.

Soson bangon ma ƙarya aka haɗa shi da ita. Ya ce zai toshe ƙarar janareta da ta adaidaita sahu. Soso ba ya toshe ƙarar waje, ko na gaske ne. Aikinsa rage amsa-kuwwar ɗaki. Kiret ɗin ƙwai da wasu suke mannawa ma bai kai soson ba. Abin da ke tare ƙarar waje shi ne kaurin bango da toshe kafofin ƙofa da taga. Amsa-kuwwa kuwa, katifa da labule mai kauri da kafet da durowar kaya a buɗe sun fi wannan siririn soson aiki nesa ba kusa ba.

Yanzu ga damfara ta biyu, wadda ta fi ci mini rai, don kuɗi ana samun wasu. Tun kafin asirin makirufon ya tonu, ya ce yana da hanya a Spotify da Apple Podcasts, zai yi mana rajistar shirinmu ya kuma riƙa ɗora mana kowane kashi, mu biya kuɗin rajista sannan wani abu duk wata. Muka amince, don mun ɗauka abu ne mai wuya da sai da ɗan gari. 'Yan uwa, kyauta ne. Spotify for Creators, wanda a da ake kira Anchor, da Spotify suka saya a 2019, yana ajiye maka shirinka ba tare da ko sisi ba. Miƙa shiri ga Apple Podcasts ma ba a biya. Abin da yake haɗa su duka shi ne wani adireshi da ake kira RSS, wanda yake ɗauke da jerin duk abin da ka ɗora. Manhajojin sauraro daga nan suke ɗauka. Kuma wanda imel ɗinsa yake kan wannan asusu, shi ne mai shirin a idon kamfanonin, don lambar tantancewa can ake aika ta.

Da imel ɗinsa ya buɗe. Muryarmu, sunanmu, hoton da muka biya aka zana mana, amma makullin yana aljihunsa. Ranar da na tura masa hoton guntun ƙarfen nan na nemi kuɗina, "Yallaɓai" da "Oga" suka ɓace. Ya ce in ina son kalmar sirrin asusun sai na biya "kuɗin mayar da mallaka". Na ƙi. Washegari ya sauke kashi goma sha ɗaya da muka yi wata biyar muna haɗawa, ya toshe lambata. Ka'idar ƙaura daga wani ma'ajin fodkas zuwa wani ita ce a saita tsohon adireshin ya riƙa tura masu sauraro zuwa sabon, kuma daga cikin tsohon asusun ake yin haka. Tunda ba mu da shiga, duk waɗanda suka bi shirinmu a can sun tafi. Abin da ya cece mu kawai shi ne abokina yana da ɗabi'ar ajiye asalin kowace ɗauka a tsarin WAV, wato sautin da ba a matse ba, cikin wani tsohon faifai. Da kullum ina yi masa tsiya a kan haka.

Yana kuma sayar da "masu sauraro", dubu kaza a kan naira kaza. Wannan ban saya ba, Allah ya tsare. Na'urori ne suke danna shirin ba mutane ba, kuma in kamfanin ya gano, shirinka ne zai sha hukunci, ba mai sayarwar ba.

Ga wanda yake shirin sayen kaya: ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ya san aikin. Ka tafi da kwamfutarka da abin ji na kunne, ka buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti wadda ita ma kyauta ce, ka ɗauki muryarka a wurin, ka yi shiru na daƙiƙa goma ka ji abin da makirufon yake kwasowa in ba a magana. Ka gwada maɓallan jikinsa ɗaya bayan ɗaya. In mai kaya ya fara kawo maganar wani Alhajin da yake jira, ka bar wa Alhajin. Kuma gaskiyar da na ƙi ji tun farko ita ce, ɗakin da muke ɗauka ba SM7B yake buƙata ba. Ƙaramin dainamik irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, masu shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, sun ishe mu, in dai baki yana kusa da makirufo kamar faɗin yatsu huɗu kuma an zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit. Mu yanzu bayan sallar asuba muke ɗauka, kafin mai injin markaɗen layinmu ya tayar.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarmu, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC. Har yanzu jira nake. Duk wanda ya faɗa hannun wannan mutum, kada ya goge hirar, kada ya jefar da kwalin. Ya yi mini magana mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya kafin mu je EFCC, don zuwa yanzu mu huɗu ne. Ita ƙanwar tamu ta riga ta tura masa kafin alƙalami, kuma tun jiya wayarsa take a kashe.