Kubewa a ƙasar rairayi: takin gida ko na zamani?

Ɗan'uwa, ka ce gonarka jigawa ce a wajen Ringim, kana son sa kubewa bana, kuɗin hannunka kuma ba za su ɗauki buhun takin zamani na NPK da amalanken takin gida gaba ɗaya ba. Wanne za ka saya?

Ni dai takin gida zan ce maka, saboda irin ƙasarka. Rairayi ba ya riƙe ruwa, balle taki. Ka zuba takin zamani na yuriya yau, a tafka ruwa biyu masu ƙarfi, ta bi ruwan ta nutse inda saiwa ba ta kaiwa. Takin dabbobi kuwa zama yake yi, ƙasa ta riƙe danshi, har shukar baɗi ta ci moriyarsa. Kuma kubewa ba masara ba ce da ake karyawa sau ɗaya. Daga wajen mako bakwai zuwa takwas ka fara tsinka ke nan, duk bayan kwana biyu ko uku, har sama da wata guda. Abincin da ke zuwa mata kaɗan-kaɗan ta fi so.

Sai dai takin gidan ma kowanne da halinsa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ya fi zafi. Na taɓa sayo ɗanyensa daga wata gonar kaji, buhun ma da ɗumi, na zuba a rami na shuka a kai. Tsiron na yin ganye biyu sai gefensa ya ƙone kamar an kara masa wuta, dole na sake shuka. A tara shi ya ruɓe tukuna, a gauraya shi da ƙasa mako biyu kafin shuka. Kashin shanu yana da sanyi, amma da irin ciyawa yake zuwa, sai ka wasa fartanyarka. Ga kuma gara, tana bin wanda bai ruɓe ba. Na awaki da tumaki, wanda ake sharowa daga turke, shi na fi so.

Na zamani ba a raina shi wajen sauri. Buhu kilo 50 ka ɗaura a bayan babur, ba neman amalanke, ka kuma san abin da ke ciki: NPK 15:15:15, wato naitirojin da fosforas da fotash kowanne kashi 15 cikin ɗari, ko yuriya mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari. Kubewar da ta yi ɗorawa, in ka sa mata shi, cikin mako guda za ka ga ta yi kore shar. Amma in hannunka ya yi nauyi da yuriya, sai ta zuba tsawo da ganye fankama-fankama, 'ya'ya kuwa sai ka lalubo.

Saboda haka sayi takinka na gida. Da canjin da ya rage ka auno kwano biyu na NPK a kasuwa. Mako biyu zuwa uku bayan tsiro, ranar da ƙasa ke da danshi, ka sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane gindi, nisan faɗin tafin hannu daga karan, ka rufe da ƙasa.