Kwas ɗin girman ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa, yadda na gan shi

Na gama wani kwas a intanet kan yadda mutum ke girma tun daga haihuwa har tsufa, an shirya shi ne don malamai da masu ba da shawara, to ga abin da na gani ga mai niyyar shiga.

Ɓangaren yara kam ba laifi, sun yi ƙoƙari sosai. Sun kawo masanin nan Piaget da matakansa 4 na yadda tunanin yaro ke girma kuma ba surutu zalla ba, akwai bidiyon gwajin nan da ake juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, yaro ɗan shekara 4 ko 5 yana kallo ƙuru-ƙuru amma ya dage shi fa ruwan ya ƙaru, sai wajen shekara 7 yake gane ai ruwan nan dai shi ne. Duk malamin da ke jin haushin ɗan aji ɗaya don ya kasa lissafi ya kalli wannan bidiyon. Wani masanin, Vygotsky, shi ma sun yi masa adalci, koyarwarsa ita ce ka nemo abin da ɗalibi ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya in ka ɗan kama masa, in ya tsaya da ƙafarsa ka janye hannu. Na gwada a aji, yana ci.

Inda na fi ƙaruwa shi ne masanin nan Erikson da matakai 8 na rayuwar mutum da ya fitar a 1950. A kawo maka matashi wai ya kangare, yau wannan aski gobe waɗancan abokai, Erikson zai ce maka yaron nan neman sanin kansa yake, shi wane ne, ina ya dosa, kaga maimakon ka fara da wa'azi sai ka fara da tambaya.

Amma fa ina da ƙorafi. An ce har tsufa, ana wuce shekara 18 sai malamin ya kama gudu. Paul Baltes, mutumin da ya dage cewa girma ba ya tsayawa kuma kowane mataki akwai riba akwai asara, ɗan tsakure kawai aka yi masa, alhali da yawan masu zuwa neman shawara manya ne, mai shekara 45 da ke ganin bai tsinana komai ba, ko dattijon da ya yi ritaya ya rasa abin da zai tashi da safe ya yi. Me zan ce musu? Kwas ɗin bai faɗa ba.

Jarrabawar kuma haddar shekaru ce kawai, sai ka ce mutum agogo ne. Su waɗannan masanan ma a Turai da Amurka suka yi bincikensu, ko kalma ɗaya ba a ce ba kan ko shekarun sun dace da yaran ko'ina. Ga sauti ƙasa-ƙasa a wasu bidiyon.

In firamare ko sakandare kake koyarwa, shiga kawai. In da manya kake aiki sai ka haɗa da karatun Baltes da kanka.