MBA ta harkar lafiya a WGU: arha ce, amma ga mai sauri

Jama'a masu aikin asibiti a Amurka, nas-nas da masu lab da 'yan ofishin inshora da ke son hawa kujerar manaja, ga ra'ayina kan MBA (digirin mastas na gudanar da kasuwanci) ɗin kula da harkar lafiya ta Western Governors University, wadda kowa ke ce ma WGU. Gwamnoni 19 na jihohin yammacin Amurka suka kafa ta a 1997, hedikwatarta na Utah, ba ta neman riba, kuma komai nata ta intanet ake yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke karɓar kuɗi. Ba kwas-kwas ake biya ba, zango ake biya na wata 6, kusan dala 5,000, in ka gama kwas 4 a ciki kuɗin kenan, in ka gama 10 ma kuɗin kenan. To kun ga inda maganar take, wanda ya shekara yana aiki a asibiti ya san kasafin kuɗin sashe, ya san rigimar biyan Medicare da Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati), ya san dokar HIPAA ta 1996 mai kare sirrin bayanan marasa lafiya kamar tafin hannunsa, wannan zai iya wuce wasu kwasa-kwasan da gudu ya gama a zango biyu, wajen dala 10,000 kenan. Wanda kuma yake aikin dare awa 12, ga yara a gida, yana jan ƙafa har zango huɗu ko biyar, wallahi arhar ta gudu, don a lokacin kuɗinsa ya kusa kamo na MBA ɗin intanet na jami'ar Illinois (iMBA) da ke kan dandalin karatu na Coursera ko na Boston University, waɗanda suke wajen dala dubu ashirin da wani abu kuma suna da tambarin AACSB, wata babbar hukumar tantance makarantun kasuwanci.

Maganar tambarin nan kada a raina ta. WGU tana da amincewar hukumar tantance jami'o'i ta NWCCU a matsayin jami'a, sashen kasuwancinta kuma wata hukumar daban mai suna ACBSP ce ta tantance shi, ba AACSB ba. In burinka a ƙara maka matsayi a asibitin da kake, ko ka cika sharaɗin "sai mai mastas" da ake rubutawa a tallan aiki, wannan ya wadatar. Amma in kana hangen irin horon shugabancin da manyan asibitoci ke ba sabbin masu digiri, da yawansu sun fi son shirin da CAHME, hukumar tantance karatun shugabancin harkar lafiya, ta tantance, don haka ka shiga shafin CAHME ka duba jerin makarantun da idonka kafin ka biya ko sisi.

Karatun kansa babu lakca a kan lokaci, babu jarrabawar GMAT ta neman gurbin MBA wajen shiga, ana farawa ranar ɗaya ga kowane wata. Za a haɗa ka da mai kula da kai wanda zai riƙa kiranka yana tambayar ina ka kwana. Jarrabawa iri biyu ce, akwai wadda za ka zauna gaban kwamfuta da kamara, mai sa ido yana kallonka ta intanet, sai ka nuna masa katin shaida ka juya kamara ya ga ɗakin da teburinka, ko takarda ɗaya ba a yarda ta zauna ba. Akwai kuma ta rubutu, ka tura a duba, in ba ta cika ba a dawo maka da ita ka gyara. Kwas ɗin lissafin kuɗi da na nazarin alƙaluma su ne masu tauri ga wanda ya fito daga ɗakin jinya, gara a ba su lokacinsu.

Inda ban ji daɗi ba, sakamako ba A ko B, ka ci ko ba ka ci ba kawai, su kuma suna lissafa shi daidai da GPA 3.0. Mai niyyar yin digirin digirgir (PhD) daga baya ya yi tunani. Sannan ba ka da 'yan aji da za ku saba, alhali a harkar shugabancin asibiti sanin mutane na buɗe ƙofa sosai. Kuma galibi sai mazaunin Amurka suke ɗauka.

Kasuwar aikin dai tana da kyau, ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya sa matsakaicin albashin manajojin lafiya a dala 110,680 a shekara a watan Mayun 2023. Kafin ka taɓa bashin karatu na gwamnati da ake nema ta fom ɗin FAFSA, je ofishin ma'aikata na asibitinku ka tambaya, doka ta yarda mai aiki ya biya maka har dala 5,250 a shekara ba haraji, kusan kuɗin zango guda kenan. Ni dai ina ba ta 4 cikin 5 ga tsohon hannu a asibiti mai iya zama shi kaɗai ya yi karatu, ga sabon shiga kuwa 2 da rabi.